Jitar da Aka Rataye da Waƙar da Aka Ara: Mas'alar Mallaka da Kwaikwayo a Sabha

Abdulkafi unguwa ce daga cikin unguwannin Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudu maso yammacin Libiya, kuma ita da sauran unguwannin garin irin su Gurda da Mahdiyya da Manshiyya da Tayuri suna zaune ne a mahaɗar hanyoyin da suka daɗe suna sada gaɓar Bahar Rum da ƙasar Hausa da Borno. A da ayarin raƙuma ne ke tasowa daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas ya ɓulla Gat, ko ya taso daga Kukawa ya ratsa Bilma ya sauka Murzuk, yau kuwa motoci ne ke kwasar matafiya daga Agadas su bi ta Dirku da Madama da Gatrun har Sabha, shi ya sa ba a rasa jin Hausa a kasuwannin garin tare da Larabci da Tamashek da harshen Tubawa. Cikin kayan da suka yi ta kai da komo a wannan hanya a shekaru hamsin da suka wuce akwai jita da kaset, waɗanda suka haifar da sana'ar da ta zama ruwan dare a biranen Sahara, wato ƙananan ƙungiyoyin samari masu kiɗa a wuraren biki, waɗanda mafi yawan abin da suke rerawa ba su ne suka ƙaga shi ba. Wannan sana'a tana tayar da tambayoyi biyu da suka cancanci a zauna a kansu da natsuwa, ta farko game da mutumin da ya tara kayan kiɗa fiye da abin da hannunsa zai iya taɓawa, ta biyu kuwa game da wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana maimaita waƙar wani. Mutanen zamani suna girmama na farko da cewa ya san darajar kaya, suna kuma yi wa na biyu kallon ɗan kwaikwayon da bai isa tsayawa da ƙafarsa ba, alhali idan aka ɗora al'amarin a kan ma'aunin fiƙihu da na hikima za a tarar cewa an juya sikelin ne.

Abin da ake kira jitar bas, wato jita mai kaurin murya, shi ne misalin da ya fi dacewa a riƙe, domin a kanta ne tambayoyin biyu suka haɗu. Tsirkiyoyinta huɗu ne a bisa al'ada, wuyanta ya fi na sauran jitoci tsawo, kuma muryarta tana can ƙasa, har mafi kaurin tsirkiyarta ba ta kaɗawa sai kimanin sau 41 a sakan guda idan aka taɓa ta a sake, abin da ya sa ƙirji kan riga kunne jin ta. Leo Fender ne ya fitar da samfurin da ya yaɗu a duniya, a Kaliforniya ta Amurka a shekarar 1951, ya sa masa suna Precision Bass saboda ƙarafan da aka gitta a wuyansa suna taimaka wa makaɗi ya dace da sauti daidai, sa'an nan Jazz Bass ya biyo baya a 1960. Aikinta a cikin ƙungiya shi ne ɗaure ganga da sauran tsirkiyoyi wuri guda, tana maimaita ɗan gajeren zubi ɗaya sau ɗari ba tare da kowa ya waiwaye ta ba, sai ranar da ta yi shiru a ji kiɗan ya zama kamar rumfar da aka zare wa dirka. Ba ta da murya sai an haɗa ta da na'urar ƙara sauti da wutar lantarki, kuma ko an sami waɗannan ba kasafai ake tara jama'a domin a saurare ta ita kaɗai ba, saboda haka kaya ce da aka ƙera domin zama cikin taro tun asali.

Kiɗan jitar Sahara bai fara da bas ba. Farin da aka yi a 1973 da 1974, da wanda ya biyo bayansa a 1984, sun kashe dabbobin Abzinawa a Mali da Nijar, suka kora samarinsu neman aiki Tamanrasset da Gat da Ubari da Sabha, inda aka laƙaba musu suna ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A 1980 Mu'ammar Gaddafi, wanda shi kansa ya yi karatu a Sabha kuma a nan ya shelanta kafa Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977, ya kira waɗannan samari su zo su karɓi horon soja, kuma a sansanonin horon ne ƙungiyar Tinariwen ta su Ibrahim ag Alhabib ta yi ƙarfi, kamar yadda Abdallah Oumbadougou na Nijar ya kafa tasa a cikin wannan zama na gudun hijira. Salon da suka fitar ana ce masa asuf, wato kewa da begen gida, kuma ya ɗauko karinsa ne daga tinde, turmin da mata ke rufe wa baki da fata su kaɗa, da kuma imzad, goge mai tsirkiya ɗaya wanda shi ma na mata ne. A wancan lokaci babban yatsan mai jita ne ke riƙe kaurin murya, tafi kuma ya tsaya a gurbin ganga, bas ba ta shigo sosai ba sai da kiɗan ya hau dandamali ya sami lantarki, har Eyadou ag Leche ya yi suna da ita a Tinariwen, ƙungiyar da ta karɓi kyautar Grammy a 2012 saboda faifanta Tassili. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan bincike shi ne yadda waƙoƙin suka yaɗu, domin duk wanda ya kawo kaset marar komai akan naɗa masa, shi kuma ya naɗa wa wani, babu suna a jiki babu kuɗin fansa, har waƙa ta isa Kidal da Agadas a aljihun direba a lokacin da hukumomi suka haramta irin waɗannan kaset-kaset, kuma a kowane zango sai wani yaro ya ari jita ya koye ta da kunne.

Ba zai yiwu a tsallake tambayar da ta riga waɗannan biyu ba, wato halaccin kiɗan kansa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da na Malikiyya wadda ita ce mazhabar Fezzan da ta ƙasar Hausa, sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, suka yi rangwame ga bandiri a wajen aure, suna kafa hujja da hadisin ma'azif, wato kayan kiɗa, wanda ke cikin Sahihul Buhari. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya soki isnadin hadisin da cewa bai sadu ba, ya tafi a kan halacci, malaman hadisi irin su Ibn Salah suka mayar masa da martani cewa ya sadu ta wasu hanyoyi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi wata hanya ta uku a babin sauraro na littafinsa Ihya'u Ulumiddin, inda ya nuna cewa daɗin sauti a kan kansa ba abin zargi ba ne, in ba haka ba da an haramta kukan tsuntsu, kuma an hana tsirkiya ne saboda ta zama alamar mashaya giya kuma tana tuna wa mai ji majalisarsu. Wannan bayani yana da nauyi, domin ya rataya hukunci ga illa, wato dalilin da ya sa aka yi hukuncin, illar kuwa ta danganta da al'adar wuri da zamani. A ƙasar Hausa ma saɓanin ya shiga gida ɗaya, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kaɗe-kaɗen fadar sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, amma a Najmul Ikhwan ya sassauta, ya nuna cewa mas'ala ce da malamai suka saɓa a kanta, yayin da ƙaninsa Abdullahin Gwandu ya tsaya a kan tsanantawa. Wanda ya gamsu da hujjar hani ya sauke nauyinsa idan ya nisanci jita baki ɗaya, kuma babu mai ikon raina masa tsantseninsa. Sauran magana ta shafi wanda ya riƙi ɗaya ɓangaren ne, domin halacci, ko da an yarda da shi, ba ya gaya wa mutum yadda zai zauna da abin da aka halatta masa.

Wani abin mamaki shi ne cewa a cikin littattafan masu hanin ne aka fi samun haske a kan mas'alar tara kaya. A babin sata na Muhtasar ɗin Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina kamar yadda ake karanta shi a Fezzan, an yi bayanin cewa ba a yanke hannun wanda ya saci tambura, wata irin molo mai dogon wuya, sai idan itacenta bayan an karya ta ya kai nisabin sata, wato rubu'in dinari ko dirhami uku. Imam Abu Hanifa kuwa ya ga cewa wanda ya fasa wa wani kayan kiɗa sai ya biya, domin abin yana iya yin wani amfanin da ba na wasa ba, almajiransa biyu suka saɓa masa. Duk da bambancin, ɓangarorin sun haɗu a kan ƙa'ida guda, wato abu ba ya zama dukiya a shari'a sai da manfa'a, ma'ana amfanin da ake samu daga gare shi. Mai hani ya ce amfanin jita haramtacce ne, saboda haka darajarta ta koma ga itace da ƙarfe, mai halattawa ya ce amfaninta halal ne, saboda haka darajarta tana cikin sautinta, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san wata daraja ta uku da abu zai samu don kawai an rataye shi a bango ana kallo.

Wannan daraja ta uku ita ce kasuwar zamani ta ƙirƙira. A 2019 an sayar da baƙar jitar David Gilmour a gwanjon Christie's a kan kusan dala miliyan 4, a 2020 kuma jitar Kurt Cobain ta kai dala miliyan 6, kuma John Entwistle, makaɗin bas na ƙungiyar The Who, ya rasu a 2002 ya bar tarin jitoci masu yawa waɗanda aka yi gwanjonsu a shekarar da ta biyo baya. Mafi tsananin misali shi ne gogen Turawa da Antonio Stradivari ya ƙera a 1716, wanda ke ajiye cikin gilashi a gidan tarihi na Ashmolean a Oxford ta Ingila, wanda darajarsa ta ginu ne a kan cewa kusan ba a taɓa kaɗa shi ba. Mai tara kaya yana da uzuri biyu da bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko shi ne cewa kowace jita da muryarta, kamar yadda makaɗin kalangu ya san cewa fatar wannan ba ta yin maganar da fatar wancan ke yi, saboda haka makaɗin da ke yawan aiki yana iya bukatar biyu ko uku ba tare da ya yi almubazzaranci ba. Na biyu shi ne adana tarihi, domin da ba don masu ajiya ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Sai dai uzurin farko yana ƙarewa ne daidai inda hannu ya gaza, na biyu kuwa aikin jama'a ne da ake yi a gidan da kowa zai iya shiga, ɗakin da mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗinsa bai cika wannan sharaɗi ba.

Babin zakka ya tona wani ɓoyayyen abu a zuciyar mai tarawa. A Malikiyya kayan ƙinya, wato abin da mutum ya mallaka domin amfanin kansa, babu zakka a kansu komai tsadarsu, kayan ciniki kuwa suna da hukunci biyu, na mudiri, wanda ke juya hajarsa kullum kuma yake ƙimanta ta kowace shekara, da na muhtakiri, wanda ke ajiye kaya yana jiran kasuwa ta tashi, shi kuma sai ya sayar sannan ya fitar da ta shekara guda. Mutumin da ya jera jitoci ashirin yana cewa ba na sayarwa ba ne, amma kuma yana bin farashinsu a intanet yana murna idan ya hau, ya fake ne a tsakanin niyya biyu, bai zama makaɗin da ke cinye kayansa da aiki ba, bai kuma yarda shi ɗan kasuwa ne da talaka zai sami rabo a hajarsa ba. Sahabbai sun saɓa a kan ma'anar kanzu, wato taskace dukiya, inda Abdullahi ɗan Umar ya ga cewa abin da aka fitar wa zakka ya fita daga zargi, Abu Zarri kuwa ya tsananta har ya ƙare rayuwarsa a Rabaza, amma sura guda a Alƙur'ani, Takasur, an saukar da ita ne a kan cutar gasar yawa ita kanta, ko da kuwa abin da ake ƙirgawa halal ne. Akwai kuma fassarar da aka ruwaito daga Ibn Mas'ud ga kalmar ma'un ta Alƙur'ani, cewa ita ce ƙananan kayan da maƙwabta ke ara wa juna, irin su guga da tukunya da gatari. Ba za a ce jita ta shiga wannan hukunci a shari'ance ba, amma ma'aunin yana aiki a gari irin Sabha, inda sabuwar tsirkiya sai an yi saƙonta daga nesa, wuta tana ɗaukewa, man janareta yana wuya, kuma samari da yawa sun koyi kiɗa ne a kan jita ɗaya da ke yawo daga hannu zuwa hannu. Ibrahim ag Alhabib da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko, Mdou Moctar na Nijar ma da wayar keke ya ɗaura tasa. A irin wannan ƙasa jitar da ke rataye shekara guda ba a taɓa ta ba makaɗi guda ce da ba a samu ba, kuma ko a ƙasashe masu wadata an gane haka, shi ya sa gidauniyar Nippon Music Foundation ta Japan ke sayen gogunan Stradivari tana ba makaɗa aro.

Kayan kiɗa sun sha wuta a wannan yanki. Gwamnatin Gaddafi ta sa an ƙona kayan kiɗan Turawa a bainar jama'a a tsakiyar shekarun 1980 da sunan kare al'ada, masu ɗauke da makamai da suka mamaye arewacin Mali sun haramta kiɗa a 2012, kuma a 2015 ƙungiyar Da'ish ta yaɗa hotunan ƙona ganguna da kayan busa a gabashin Libiya. Ba adalci ba ne a daidaita mai ƙona kayan mutane da mai sayen kaya da kuɗinsa, domin na farko azzalumi ne na biyu kuwa bai taɓa haƙƙin kowa ba, amma sakamakon aikinsu ga kunne ɗaya ne, kuma dukansu sun ɗauka cewa sirrin yana cikin itacen.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, domin zargin da ake yi wa mai maimaita waƙar wani yana da tushe mai zurfi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sun kuma ce zanen aro ba ya rufe katara. Aflatun, a littafi na 10 na Jamhuriyarsa, ya kawo misalin gado, ya ce akwai siffarsa ta asali, akwai wanda kafinta ya sassaƙa yana kwaikwayonta, akwai kuma wanda mai zane ya zana yana kwaikwayon na kafinta, saboda haka mai fasaha yana mataki na uku daga gaskiya, kuma a wannan lissafi mai rera waƙar wani ya faɗa mataki na huɗu. Ibn Haldun ya lura a Muƙaddima cewa wanda aka rinjaya yakan kamu da son kwaikwayon wanda ya rinjaye shi a tufafi da ɗabi'u, kuma wannan shi ne tsoron da ke zuciyar dattijon da ya ga jikansa riƙe da kayan kiɗan Amurka. Malaman tauhidi ma sun yi doguwar muhawara a kan imanin muƙallidi, wato mai bin maganar wani ba tare da sanin hujjarta ba, har a zamanin Shehu aka sami masu kafirta talakawa da wannan dalili, shi kuwa ya yi rubuce-rubuce yana yi musu raddi.

Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin taƙlidi da riwaya. Mai taƙlidi yana karɓar abu bai san inda ya fito ba kuma bai fahimce shi ba, mai riwaya kuwa yana ɗaukar abu da sani ya isar da shi da amana, kuma a kan riwaya aka gina ilmin Musulunci gaba ɗaya. Tun kafin Musulunci kowane babban mawaƙin Larabawa yana da rawi, wato almajirin da ke haddace waƙoƙinsa yana rera su a madadinsa, kuma ta wannan ƙofa ake zama mawaƙi, domin Zuhairu rawin Ausu ɗan Hajar ne, shi kuma ɗansa Ka'abu da Huɗai'a suka yi masa riwaya. Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi a ƙasar Hausa aikin mutum biyu ce, Alfazazi da Ibn Muhibu wanda ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti ya mayar da shi mai ƙwar biyar, kuma waƙar Tabbat Haƙiƙa ta bi hannu uku, Shehu ya yi ta da Fulfulde, Nana Asma'u ta juya ta zuwa Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Ahmad Shauƙi na Masar ya bi karin Burdar Busiri da amsa-amonta ya yi tasa, aka ƙidaya masa ita cikin mafi kyawun ayyukansa. A wajen makaɗan baka ma Musa Ɗanƙwairo ya fara ne da amshi a bayan mahaifinsa, sa'an nan yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Aristotal ya fi malaminsa Aflatun dacewa a nan da ya ce kwaikwayo ɗabi'ar ɗan Adam ce tun yana yaro kuma da shi yake fara koyo. Har jitar bas da ta fi kowace suna a duniya, Höfner ɗin da Paul McCartney ya saya a Hamburg a 1961, wadda aka sace a 1972 aka shelanta dawowarta hannunsa a 2024, kayan aikin ƙungiyar da ke kwana tana maimaita waƙoƙin Chuck Berry da Little Richard ce a lokacin da aka saye ta, kuma darajar da masu tara kaya ke ba ta a yau ta samo asali ne daga waɗancan darare na kwaikwayo.

Zargin Ibn Haldun kuwa tarihin yankin ya amsa shi da kansa, domin abin da aka aro bai zauna yadda aka aro shi ba. Bombino na Agadas ya koyi kiɗa yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler a zamansa na Aljeriya da Libiya, amma abin da ke fita daga jitarsa karin tinde ne. Najib Alhoush na Libiya ya ɗauki karin Stayin' Alive ta Bee Gees ya ɗora mata baitocin Larabci ta zama Ya Aen Daly. A Kano ƙungiyar Ushaƙu Indiya ta ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya ta mayar da su yabon Annabi da bandiri, malamai suka rabu a kan dacewar haka, wanda shi ne ainihin tambayar Gazali a sabuwar riga, wato ko kari yana tafe da ƙurar majalisar da ya fito. Mdou Moctar ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008 da na'urorin da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da su, waƙoƙin suka yaɗu a wayoyin hannu, daga baya ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda aka ɗauka a Agadas bisa tsarin Purple Rain na Prince. Jitar da ta zama harshen masu gudun hijira kuma abokiyar ɗaurin aure a Fezzan ba za a iya cewa har yanzu alamar mashaya ce a can ba, ko da kuwa tana nan a matsayin hakan a wani wuri.

Riwaya dai tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne makaɗin biki ke iya faɗuwa. Sharaɗin farko shi ne jingina magana ga mai ita, domin abin da 'yan fim a Kano ke kira wankiya, wato a ɗauko aikin wani a goge sunansa a fito da shi a matsayin sabo, cin amana ne ko da doka ba ta kama shi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, kuma wannan ya kawo wata matsala ta gaskiya ga waƙoƙin ishumar, waɗanda masu su suka sake su kyauta a kan kaset marar suna, daga baya kamfanonin Turai da Amurka suka yi musu rajista. Saurayin da ke rera su a Abdulkafi a kan ladan dare ɗaya ba shi ne ke cin ribar wannan rajista ba, kuma abin da ke wuyansa, wanda bai fi ƙarfinsa ba, shi ne ya ambaci mai waƙa kafin ya fara, kamar yadda almajiri ke ambaton malaminsa. Makaɗin bas shi ya fi kowa kusa da cika wannan ladabi, domin rawin rawi ne, yana riƙe wa mai rerawa ƙasa a waƙar da ba ta ɗayansu ba, ba a yi masa liƙi, ba a kiran sunansa, saboda haka ƙofar riya, wato yin aiki don a gani, ta fi ƙunci a wajensa.

Sharaɗi na biyu shi ne fahimta, kuma a Sabha nauyinsa ya fi na farko. Waƙoƙin asuf da yawa an yi su ne a sansanin soja domin tayar da tsimin mayaƙa da kiran jama'a ga tawaye, garin da ake maimaita su a yau kuwa ya ga faɗa tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman a 2012 da 2014, maƙwabciyarsa Ubari ta ga yaƙi tsakanin Tubawa da Abzinawa daga 2014 har aka sa hannu a kan sulhu a Doha a Nuwamban 2015. Baitin da ya kasance kukan marar ƙasa a 1985 yana iya zama tsokana idan aka rera shi a farfajiyar da ta tara dangin ango da na amarya da maƙwabta daga ƙabilu uku da leburori 'yan Maraɗi da Damagaram da ke leƙe ta kan katanga. Wanda ya yi waƙar ba ya wurin, kuma ba shi ya zaɓi daren ba. Shugaban ƙungiya ne zai duba fuskokin da ke gabansa ya yanke shawarar wadda zai fara da ita, da wadda zai rage wa baiti, da wadda zai bari sai baƙi sun watse, mai bas kuma ya ja kari ko ya sassauta shi gwargwadon yadda ya ga ƙafafun samari suna motsi, kuma wannan hukunci nasu ne su kaɗai, babu kaset ɗin da ya zo da shi daga Kidal.